Kayan Ɗakinta Ba Ganima Ba Ne

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa matasa a zaman karatun mako a Tudun Wadan Zariya.



Yau maganarmu ta cikin ɗaki ce. Wasunku sun yi auren fari, wasu na tara kuɗin lefe. To ku buɗe kunne. Sai ka ga ɗan uwa, ga gemu ga carbi, ya saki matarsa cikin fushi, ya ce ta tafi gidansu a daren, ya sa wa ɗaki kwaɗo. Gado, katifa, kwanuka, keken ɗinki, duk suna ciki. Wai sai an biya shi lefensa! Subhanallah! Wannan a wane littafi ka karanta?

'Yan uwa, aure a Musulunci ba ya cakuɗa dukiya. A Ingila kotu na iya haɗa abin da miji da mata suka tara ta raba musu. Mu ba haka ba ne. Naka naka ne, nata nata ne, tun ranar ɗaurin aure har ranar rabuwa.

Sadaki nata ne. Duba Suratun Nisa'i aya ta 20: ko tarin dukiya ka ba ta, an hana ka karɓar komai. In ka sake ta kafin ka kusance ta, rabin sadakin da aka yanka nata ne, Baƙara aya ta 237. Lefe kuwa kyauta ce, kai ka saki da bakinka, me kake bi? Kayan ɗaki iyayenta suka yi, wata uwar shekara da shekaru tana zubin adashi. Ribar ƙuli-ƙulinta, da ɗinkin hularta, da akuyarta, ba ka da ko kwabo a ciki.

In gardama ta kai gaban alƙali, kuma babu shaida, ƙa'idar Malikiyya da ke cikin Mukhtasar Khalil da Tuhfatul Hukkam ita ce: abin da aka san na mata ne a al'ada, ta rantse ta ɗauka, wanda aka san na maza ne ko na kowa, miji ya rantse ya ɗauka. Ka ga hatsarin ke nan. Ta ba ka kuɗin adashinta ka cika ka sayi mashin, ba takarda, ba shaida. Rantsuwa ɗaya ka tafi da shi. Ka ci a kotu, amma gaban Allah fa? Shi ya sa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, ta zo kan rubuta bashi. Bashin matarka ma bashi ne. Rubuta shi yau, tun ana dariya.

Sannan akwai abin da ke wuyanka. Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da ita daga ɗakinta a idda. In saki ne na kome, ci da sha da tufa suna kanka. Mai ciki, sai ta haihu. Mai shayarwa, akwai ladanta. Abincin 'ya'yanka bai faɗi ba. Ga kuma kyautar sallama, Baƙara 241, wadda muka binne kamar ba a saukar ba.

Hul'i gaskiya ne: matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar masa da gonarsa a zamanin Manzo (S). Amma ita ce ta ƙi zaman. Wanda ya ƙuntata wa mace da yunwa da duka don ta gaji ta fanshi kanta, haram ya ci.

'Yan uwa, kullum muna kukan azzalumai sun danne haƙƙin raunana. Wanda ya kasa adalci a kan katifa da kwano, ina zai iya shi a kan al'umma? Duk mai riƙe da kayan wata, ya nemi waliyyinta da dattijai biyu, a lissafa, ya mayar kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.