Zafin Rana da Hadarin La'asar: Jawabi ga 'Yan Kasuwarmu na Jos



Shugaban taro, iyayenmu malamai, dattawan unguwanni, 'yan'uwana 'yan kasuwa, ina yi muku barka da zuwa. Ni dai kun san ni, ba masanin sararin samaniya ba ne. Ɗan kasuwa ne mai lodin dankali da kayan gwari daga Farin Gada zuwa Kurmi. Amma wanda ya shekara talatin yana bin hanya, dole ya koyi ɗaga kai ya dubi sama, domin dukiyarsa da ran yaransa suna ƙarƙashinta.

Zan fara da abin da na san yana zukatan wasunmu. In rediyo ya ce gobe za a yi ruwa da iska, sai ka ji wani ya ce, "Su wa suka san gaibu?" To jama'a, hasashen yanayi ba duba ba ne. Kakanninmu in sun ga shamuwa ta dawo, sai su fara gyaran gona, kuma ba wanda ya ce sun yi bokanci. Abin da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, take yi ke nan, sai dai ita da na'ura take yi. Tana auna zafi da danshin iska da inda iskar ta dosa a tashoshinta, har da ta filin jirgin sama na Heipang, ta haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam, sannan ta ce ga abin da ake zato. Wani lokaci a dace, wani lokaci a kuskure. Hukunci na Allah ne, amma shiri namu ne.

Yanzu mu zo kan garinmu. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Shi ya sa a watan Afrilu mutumin Sakkwato ko Maiduguri yake fama da digiri 40 da ɗoriya, mu kuwa muna jan bargo da asuba. Amma tudun nan da ya ba mu sanyi, shi ne kuma yake haɗa mana hadari. Iska mai danshi takan taso daga teku ta kudu maso yamma, ta ci karo da tudu, dole ta hau. Da hantsi rana ta gasa duwatsu, zafinsu ya ƙara tura ta sama. Can sama sai ta huce ta zama gajimare, ya yi ta tashi kamar an tara auduga, har ƙoƙonsa ya kai inda ruwa yake daskarewa. Daga nan ƙanƙarar da takan farfasa mana kabeji da tumatir take fitowa. Wannan aiki yana cin awoyi, shi ya sa safiya takan yi garau, sai tsakanin azahar da la'asar gari ya rikice.

Ku lura da lokaci biyu. Na farko, faɗuwar damina, Afrilu zuwa Mayu. Na biyu, ƙarshenta, wajen Satumba da Oktoba, lokacin zafin nan na agajeri. Hadarin waɗannan lokuta yakan taso daga gabas da iska mai yaye kwano da tsawa mai firgitarwa. Ruwan marka na Yuli da Agusta kuwa, haɗarinsa ambaliya ce, domin ƙasa ta riga ta ƙoshi.

Ba mu manta da watan Yulin 2012 ba. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Mutane sama da talatin suka rasu, gidaje masu yawa suka tafi. Allah ya jiƙansu da rahama. Darasin da na ɗauka shi ne, ruwan da zai ci gidanka ba lalle a kanka ya sauka ba. Yana iya zuba a kan duwatsu can sama, ya iske ka ta rafi. Duk mai gida a bakin Dilimi, in an yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi, kada ya kwana da ido biyu rufe.

Game da tsawa, ga lissafi mai sauƙi da kowane yaro zai iya. In ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙarar. Kowace daƙiƙa 3 kimanin kilomita ɗaya ce. In ba ka kai 30 ba ka ji ta, to kana cikin inda aradu za ta iya faɗawa. Shiga ginin kirki ko mota mai rufin ƙarfe. Kada ka fake gindin bishiya, kada ka tsaya kan dutse ko tsakiyar filin ƙwallo, rumfar kasuwa mai buɗaɗɗen gefe ma ba mafaka ba ce. A kira yara su fito daga kududdufan kuza. Bayan tsawa ta ƙarshe, a jira rabin awa kafin a fita.

Sai kuma mu masu gangarawa bakin teku. Nan ne muka fi yin sakaci, don jikin mutumin Jos bai saba da zafi ba. A Legas za ka ji an ce digiri 33, ka ce ai wannan wasa ne. Ba wasa ba ne. Iskar can cike take da danshi, gumi ba ya bushewa, in kuwa bai bushe ba jiki ba ya hucewa. Wata shekara a kasuwar Mile 12, wani yarona ƙaƙƙarfa yana sauke buhuna da tsakar rana, sai kawai ya fara surutai, ya yanke jiki ya faɗi. Laifina ne, ni na matsa a gama kafin kasuwa ta faɗi. Allah ya sa akwai wanda ya san abin yi: aka kai shi inuwa, aka cire masa riga, aka yi ta kwara masa ruwa ana fifita, aka garzaya da shi asibiti. Ya tashi, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Wanda ya rikice ko ya suma, kada a ɗura masa ruwa a baki. Wanda yake cikin hayyacinsa ya galabaita, a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Masu niyyar Makka ma su ji. A aikin Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51, kuma alhazai fiye da 1,300 suka rasu. Laima da gorar ruwa ba ragwanci ba ne.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu uku. A sa mutum ɗaya a kowace kasuwa ya riƙa bin sanarwar NiMet a rediyo ko waya, ya isar wa jama'a da safe. Lodi da saukale a yi su da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, a kuma daina ɗora yara a saman kaya in hadari ya haɗu. Sannan kowace unguwa ta yashe kwatocinta tun a watan Maris, kafin ruwan farko. Rigakafi dai ya fi magani, kuma asarar kwandon tumatir ana mayar da ita, ta rai kuwa ba a mayarwa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu a gida da kan hanya.