Wane 'Yanci Muke Wa'azinsa a Rano da Kibiya?

Laccar da aka gabatar a gaban fastoci, masu bishara da dattawan ikilisiyoyin Rano da Kibiya

 

An ce in yi magana a kan gaskiya da 'yanci na ruhu. Duk wanda ke ɗakin nan ya san inda batun yake, Bisharar Yohanna sura ta 8, ba sai na karanta ba. Abin da nake so ku duba shi ne yadda Ubangiji ya jera abubuwan. Zama cikin maganarsa ne farko, sai almajiranci, sai sanin gaskiya, 'yanci kuwa shi ne na ƙarshe. Mu a shekarun nan mun juya jerin. Muna tara jama'a daren Juma'a mu ce su zo su karɓi 'yanci, alhali da yawansu in ka miƙa musu Littafi Mai Tsarki ba za su iya nemo Yohanna ba, balle sura ta 8. Ƙarata ke nan. Ba yau na fara kawo ta ba, wasunku ma sun gaji da jin ta daga bakina, amma tunda ku kuka gayyace ni, sai ku ƙara haƙuri.

Mu tuna inda kakanninmu suka fito, don matasanmu sun fara mantawa, wasu ma kwalliya suke yi wa abin. Maguzanci ya wuce giyar biki da kiɗa. Zama ne cikin bashin da ba ya biyuwa. Kowane gida da iskokin da ya gada, kowane iska da dabbar da yake so da launinta, wannan jan zakara, wancan baƙin bunsuru. Ba'amurken nan Joseph Greenberg, da ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya rubuta wannan dalla-dalla. Ƙafar yaro ta shanye, a ce Inna ce. Hatsi ya ƙi, a ce an saɓa wa na gindin tsamiya. Kuma mai gida ba shi da hanyar sanin abin da iskan ke so sai ta bakin boka ko ɗan bori, bakin nan kuwa ba ya buɗewa kyauta. Nan ciwon yake: sanin yana hannun wani, kai naka biya.

To ku gaya mini bambancin wannan da abin da ke shigowa majami'unmu daga birni. Mace ta yi ɓari, a ce la'anar kakanni ce ke bin ta. Saurayi ya faɗi jarrabawa, a ce an ɗaure tauraronsa a tsohon gidansu. Magani? Kwalbar man zaitun da “bawan Allah” ya yi wa addu'a, da ambulan na “shuka iri”. Uba ya ƙona layunsa a gaban ikilisiya yana rawar jiki, ɗiyarsa ta manna hoton fasto a ƙofar ɗaki don kada mugun abu ya shiga. Tsoron nan ne dai na da, baftisma kawai aka yi masa.

Na san amsar, na sha jin ta. Ai Bulus ya yi maganar yaƙi da ikokin duhu a Afisawa 6, ai Yesu ya fitar da aljanu. Ban musa ba. Ku koma ku duba kayan yaƙin da Bulus ya lissafa: gaskiya ce a kan gaba, takobin kuwa maganar Allah. Babu kwalba a ciki. Wanda ya so sayen ikon Ruhu da kuɗi kuma, kun san abin da Bitrus ya gaya masa a Ayyukan Manzanni 8.

Babbar hujjata ba daga Turai ta zo ba, a Kano aka yi ta. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim. Musulmi ne, masanin Alƙur'ani, kuma a lokacin babu ɗan mishan ko ɗaya a ƙasar Kano. Cikin nazarinsa ya tsaya a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, ya yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga matsaya game da girman Isa wadda ta saɓa wa ta malaman gari. Ya tara almajirai. Aka kira shi, aka nemi ya janye, ya ƙi. Aka tsire shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi, wasu gabashin Zazzau. Mu mutanen Rano ba sai an gaya mana mene ne dajin Ningi a wancan zamani ba, hare-haren Ningawa ne suka hana kakanninmu barci. Cikin irin wannan wuri mutanen nan suka zaɓi zama, a kan su saki abin da suka yarda da shi. Su ne Isawa.

Ba ina cewa Malam Ibrahim Kirista ne irin namu ba. 'Yan'uwanmu Musulmi suna da nasu fahimtar labarin, ina kuma girmama ta. Abin da ya ɗaure ni a labarin shi ne, mutumin nan ba wanda ya shafa masa mai, ba wanda ya yi masa alkawarin arziki. Ya karanta, ya gamsu, gamsuwar ta fi ƙarfin tsoron sarki da tsoron mutuwa. A idon 'yan kasuwar da suka taru kallo, ɗaurarre ne aka kawo. Amma hauni ya zo da abin tsoratarwarsa na ƙarshe, bai yi aiki ba. Idan akwai wani 'yanci da ya wuce wannan, a nuna mini shi.

Kuma abin bai mutu da shi ba. Shekara da shekaru jama'ar tana riƙe da abin da malaminsu ya bari, suna jiran wanda zai zo musu da cikakken labarin Isa. A 1913 wasu daga cikinsu suka iso Zariya wurin Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS, shi dai Miller ɗin da Sarkin Kano Alu ya sallama tare da Bishop Tugwell a 1900. Aka kafa gari a Gimi. Sai ciwon barci ya shiga ya yi ta ɗibar mutane har garin ya watse. Ku tsaya nan ku yi tunani. Da masu man zaitun suna nan a lokacin, da sun ce la'ana ce, da sun nemi wanda za a ɗora wa maita. Wanda yake auna gaskiya da lafiyar jiki da cikar rumbu dole ya ce Allah ba ya tare da mutanen Gimi. Amma yaran da suka tsira suka shiga makarantar Miller a Zariya, wadda ta koma Wusasa daga 1929. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya yi ministan harkokin waje. Miller kuma da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suka kammala Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya fito a 1932. Abin da Malam Ibrahim ya nema da ransa, yau ana sayar da shi a Sabon Gari, mu kuwa mun bar shi a kan bagade fasto kaɗai ke buɗewa.

Ta wannan hanyar bishara ta shigo ƙauyukanmu. Turawan mulki sun daɗe suna tare wa mishan ƙofa a masarautu, sai kuturta ta buɗe ta, lokacin da ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi gidajen kutare a 1937: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Mutum ya je neman magani ya dawo da karatu. Masu bishararmu na farko, waɗanda suka yi makarantar Tofa, ba su da lasifika ba su da janareto. Baƙin allo, alli, fitilar ƙwai, da ajin yamma in an taso daga gona. Iyayenmu mata da ke zaune can gefe a nan suka koyi haɗa baƙi, ku tambaye su. Tsohuwar da ta karanta ƙarshen Romawa 8 da idonta, kukan mujiya a kan danga ba ya hana ta barci. Martin Luther ma da ya rubuta ɗan littafinsa kan 'yancin Kirista a 1520, shekara biyu kawai aka yi ya miƙa wa Jamusawa Sabon Alkawari cikin harshensu. Rigimarsa ta 1517 kuwa a kan masu sayar da takardar gafara ce. Sana'ar tsohuwa ce.

Akwai wasu 'yan'uwa, galibi 'yan boko, da ke ganin duk wannan ɓata lokaci ne. A wurinsu 'yanci shi ne filin gina majami'a, da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ba tare da an ɗaga gira don sunanka Bulus ba, da malamin darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati. Ina tare da su a kowanne. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da na sauya shi, ya kuma hana a tilasta wa yaro darasin addinin da ba nasa ba. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci. Ba mu kuma manta rikicin Tudun Wada na 2007 ba, da majami'un da aka ƙona da rayukan da aka rasa. Sai dai sashe na 38 ma sai wanda ya iya karatu yake kai shi gaban shugaban makaranta. Kuma abin da hukuma ta bayar, hukuma na iya karɓewa. A idonmu aka ɗaga masarautar Rano a 2019, aka rushe ta a 2024, aka maido ta da daraja ta biyu a shekarar. Wanda ya rataya 'yancinsa a alƙalamin gwamna, kowane zaɓe sai gabansa ya faɗi.

Samarinmu kuma na Facebook, masu cewa mu ne Hausawan asali, jikokin Bawo, sauran duk baƙi ne, su sani irin amsar da aka ba Yesu ke nan a sura ta 8. Masu sauraronsa sun kafa hujja da zuriyar Ibrahim, bai karɓa ba, ya ce mai aikata zunubi bawansa ne ko ɗan wane ne shi. Rano autan Bawo ce, to, sai me? Asali bai raba kowa da tukunyar burkutu ba, bai hana a cire yarinya daga aji huɗu a aurar da ita ba.

Mu shugabanni ma gaskiyar nan ta shafe mu. Rahoton da ake aika wa masu tallafi na waje, a ƙara sifili a kan yawan waɗanda suka tuba, ko a mai da rigimar gona tsanantawa don kuɗi su fito, shi ma bauta ce. Wanda ya rubuta irinsa kullum yana tsoron ranar da baƙo zai zo ƙirga kawuna. Kuma yana zubar da mutuncin waɗanda aka tsananta wa da gaske.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A dawo da ajin karatu a kowace majami'a, kuma ya zama sashe na ajin baftisma. Tsoho da makaho da sauran masu uzuri dattawa sun san yadda za su yi da su. A yi sujada da Hausa a ƙauyen Hausawa. Na zauna a wata majami'a inda matashin fasto ke zuba Turanci, tafinta na bin sa a guje, alhali su biyun da jama'ar duka nonon Hausa suka sha. Masu cewa Turanci ne harshen ci gaba, ba wanda ya hana a koyar da shi ranar Litinin. A hana sayar da mai da ruwa da hankici a harabar majami'a, baƙon mai wa'azi da ya zo da su a karɓe shi da ruwan sha a sallame shi. A kuma biya mai bishara na ƙauye haƙƙinsa a kan kari, don yunwa ce ke sa wasunsu koyon wannan ciniki.

Za a ce ina kuɗi. Kuɗin da ake kashewa a hayar lasifika da janareto da buga fosta na taron farkawa, a raba shi biyu a kasafin gunduma na baɗi, rabi a sayi Littafi Mai Tsarki na Hausa da alli, a ba malamin aji ladansa. Na taɓa kawo wannan shawara aka ce an miƙa wa kwamiti. Shugaban taro, ranka ya daɗe, 'yan kwamitin ga su nan zaune a layin gaba. Ina roƙo a sa maganar cikin ajanda kafin a yi addu'ar tashi.