Kada Kunya Ta Hana Mu Neman Magani

(Jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya yi wa dattawa da membobin ikilisiyoyi a taron zumunta a Beli)

 Ina roƙon iyayena su gafarce ni, gama batun yau ba a saba faɗinsa a gaban manya ba. Amma cutar da aka ɓoye ita ce ke kai mutum ƙasa.

Wani saurayi ya dawo daga ci-rani a Kudu, ya same ni da dare. Ya ce bayan ya kwana da wata mace wani ɗan gyambo ya fito masa a gaba, ba zafi, ya kuma warke da kansa. Abin da ya kawo shi shi ne ƙuraje a tafin hannu da tafin ƙafa. An ce masa sammu ne, ya sha jiƙo, ya sayi kafso a kemis. Saura wata biyu a ɗaura masa aure a majami'a. Gwajin jini ya nuna tunjere ne. Da ya yi shiru, da amaryar ta ɗauka, ɗan farinsu kuma wataƙila a haife shi ba rai.

Ga alamun da ya kamata mu sani.

Na ɗaya, ciwon sanyi. A wurin namiji yakan bayyana cikin mako ɗaya, da zafin fitsari da fitar ruwa kamar mugunya. Mata da yawa ba sa jin kome, har cutar ta toshe hanyar ƙwan haihuwa. Sai a yi ta zargin mace da rashin haihuwa, alhali wani lokaci mijin ne ya kawo cutar gida. Tana kuma iya makantar da jariri.

Na biyu, tunjere. Gyambonsa yakan fito kamar mako 3 bayan saduwa, ya ɓace ko ba a yi magani ba. Ɓacewar gyambo ba warkewa ba ce. Cutar tana cikin jini, bayan shekaru ta taɓa zuciya, ido ko ƙwaƙwalwa. Allurar fenisilin tana kashe ta.

Na uku, ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi a gaba, waɗanda suke warkewa su sake dawowa. Akwai maganin da ke rage su. Ƙyandar biri ma, wadda ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, tana iya fitowa a wannan wuri.

Na huɗu, ƙanjamau. Mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa, wasu sukan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da ƙuraje, a ɗauka zazzaɓin sauro ne. Daga nan mutum ya yi shekaru kamar lafiya lau. Gwajin da aka yi da wuri ba ya isa, sai a maimaita bayan wata 3. Ku riƙe wannan: akwai maganin kariya na kwana 28 da ake fara sha cikin awa 72 bayan saduwar da ake shakka, musamman ga wadda aka yi wa fyaɗe. Kada a tsaya sasanci a gida lokaci ya wuce.

Sai dai ba kowane ƙaiƙayi ne shaidar zunubi ba. Kazuwa tana kama dukan gida ta wurin shimfiɗa ɗaya, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare. Mace tana iya samun ƙaiƙayi da farin ruwa ba tare da ta san wani namiji ba, musamman mai ciki ko mai ciwon sukari. Sabon abokin kwana kuma ba lallai na banza ba ne: amarya da ango ne, ko gwauruwar da ta sake aure. Ido ba ya rarrabe waɗannan, ko idon likita, sai da gwaji. Ku tuna yadda Ubangiji ya amsa wa almajiransa a Yohanna sura 9 sa'ad da suka nemi mai laifi a kan makaho.

To, me za a yi? A tafi asibiti, a faɗi gaskiya duka. Akwai babban asibiti a Rogo da Ƙaraye. Wanda yake tsoron idon sani, ya tafi Kano ko Zariya. A daina haɗiyar kafso barkatai, domin ƙwayar ciwon sanyi ta riga ta gagari magungunan da muka saba da su a dā, yanzu allura ce likita yake rubutawa. A yi wa miji da mata magani tare, a ƙaurace wa juna har a gama, in ba haka ba za su yi ta mayar wa juna. Kowace mai ciki ta je awo a duba jininta. Maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati, wanda yake shansa kullum yakan yi noma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Yanzu zuwa gare ku, dattawa. Mu kaɗan ne a wannan ƙasa, gidajenmu sanannu ne, auratayya muke yi tsakaninmu. Magana in ta fita daga baki ɗaya, kafin Lahadi ta zaga ikilisiyoyi uku. Shi ya sa yaro yake gwammace mai magani a kasuwa da fastonsa. Koyarwarmu ba ta canja ba, 1 Korintiyawa sura 6 tana nan, tsarki kafin aure da aminci cikin aure su ne kariya mafi ƙarfi. Amma in wanda ya faɗi ya san horo a gaban jama'a ne kawai ke jiransa, zai ɓoye, matarsa marar laifi ce za ta biya. A fara kai shi asibiti, tuba da horo su biyo baya cikin hikima.

Tun 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure. Mu riƙe ta da hannu biyu. Sakamakon kuwa na masu auren ne, ba na sanarwa a sujada ba. Dokar ƙasa ta 2014 ma ta hana nuna bambanci ga mai ɗauke da ƙanjamau. Ina ba da shawara kowace ikilisiya ta zaɓi dattijo ɗaya da uwa ɗaya masu riƙon asiri, waɗanda matasa za su iya zuwa wurinsu.

Saurayin nan ya karɓi allurarsa, ya gaya wa yarinyar da bakinsa, aka ɗaga bikin har ya warke. Ba wanda ya ji dalili sai fastonsu.

Ubangiji ya ba mu zuciyar jinƙai, ya tsare gidajenmu. Amin.