Yau kai ne inna



In an yi wa yaro ƙane, sai ku ga yana yawan kuka, yana jifa da kwano. Kishi ne ke cin sa, amma bai san sunansa ba.

Uwa, kada ki ɗauko bulala. Yara sun iya kwaikwayo, kin gani wajen tashe da azumi. Da dare ki ce masa: "Yau kai ne inna, ni ce yaro." Ki yi kukan ƙarya. Ki lura da yadda zai lallashe ki, abin da yake so a yi masa ke nan.

Sannan ki ce: "Wannan shi ne kishi. In ya zo, ka faɗa mini."

Ku gwada. Sai mako mai zuwa.