TSOHON GIDAN MAGAJIN GARI: KADA A RUSHE, KADA A SAYAR

Jawabin da aka yi a taron reshen jam'iyya



Yau ba maganar zaɓe na zo da ita ba, maganar gini ce. Kun san yadda abin yake. In gari ya girma, aka gina wa magajin gari sabon gida mai bene, sai a kwashe tebura da takardu a kai can, a sa wa tsohon kwaɗo. Damina ɗaya, damina biyu, indararo ya toshe, rufi ya soma yoyo, gara ta ci ƙyamare, jemagu su tare ciki, awaki su kwana a baranda. Sa'an nan sai mutum biyu su taso. Na fari ya ce a rushe, ai kayan Nasara ne, ba mu son ganinsa. Na biyu ba ya ɗaga murya. Shi ta bayan gida yake bi, ya ce a sayar masa, zai yi kanti ko sito. Ni ban yarda da ko ɗayansu ba.

Ga mai cewa a rushe, tambaya ɗaya zan yi. Nasara ya zana, gaskiya ne, amma wa ya haƙo ƙasa? Wa ya ɗauko ruwa a ka, wa ya saro giginya? Aikin dole bai ƙare a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sai ran 11 ga Afrilu 1946, da dokar da ake kira da sunan Houphouët-Boigny. Kafin nan, gine-ginen bariki da gumin kakanninmu aka yi su, da goga-goga a kansu riƙe da bulala. Waɗanda aka gina bayan nan kuwa, da kuɗin lanho ne, wanda talaka ya sayar da akuya ko damin hatsi ya biya. To, ginin na wa ne? Namu ne, an biya shi tuntuni.

Kuma ku tuna, ba wulakanci kaɗai bangon ya gani ba. Da, kumandan shi ne magajin gari, ba wanda ya zaɓe shi. A 1956 aka yi zaɓen gari, Djibo Bakary ya zama magajin garin Yamai na farko da ƙuri'a ta kawo, shekara huɗu kafin 'yancin kai na 3 ga Agusta 1960. A irin gidan da ake kiran mutum ya tsuguna a rana yana jiran tafinta, a nan ɗan ƙasa ya fara zama ya sa hannu.

Ba mu kaɗai muka gaji irin wannan gini ba. Bari in kai ku nesa, can gabashin duniya, tsibirin Singafo, wanda Ingila ta mallaka. Turawa sun gama gidan hukumar garin a 1929. A cikinsa sojan Japan suka miƙa wuya ran 12 ga Satumba 1945, bayan sun riƙe tsibirin shekara uku da rabi. A cikinsa kuma Lee Kuan Yew da ministocinsa suka yi rantsuwa a 1959, lokacin da 'yan ƙasa suka karɓi mulkin cikin gida. Da ma'aikatu suka tashi daga ciki, ba su rushe shi ba, ba su ba wani attajiri ba. Suka haɗa shi da tsohuwar babbar kotu da ke kusa da shi, suka gyara, a watan Nuwamba 2015 suka buɗe su biyun a matsayin gidan zane-zane na ƙasa. Ɗakin da aka yi rantsuwar yana nan, 'yan makaranta suna shiga su gani.

Na ga wani yana murmushi, yana cewa ina mu ina kuɗin Singafo. Ya yi gaskiya. Kuma gidan hotuna ba shi ne buƙatarmu ta fari ba. Amma gyaran da tsofaffin gine-ginenmu suke so ba na miliyoyi masu yawa ba ne in an yi shi da wuri. Bangonsu mai kauri ne, rufinsu dogo, suna da baranda, shi ya sa ko cikin bazara za ka zauna ciki ba fanka. Abin da ke kashe su ruwa ne da rashin mutum. A buɗe indararo kafin damina, a yi yaɓe, a sa kwano inda ya huje, a kori gara, gini ya tashi.

Me za a yi a ciki? Aiki ba ya wuyar samu. Babban ɗakin taro ya zama ajin yaƙi da jahilci, mata da rana, maza bayan magariba. Ɗaki guda mai busasshen bango a tara tsofaffin rajistocin haihuwa da takardun filaye, waɗanda galibi a buhu ake jibge su ɓera na ci, alhali da su ake raba gardamar gado. In da sauran wuri, a ba ungozomomi su riƙa awon ciki da awon yara.

Sharaɗi biyu dai za mu tsaya a kai, nan ne amsata ga mai son saye. Na ɗaya, gini da fili su zauna da sunan gari, ba da sunan wani mutum ba, ko da ɗan jam'iyyarmu ne, ko da ni ne. Irin wannan gida a tsakiyar gari yake, kusa da kasuwa, in ya fita hannun jama'a ba ya komowa. Na biyu, talaka ya shiga ba kuɗin ƙofa, ba sai ya san wani ba.

Saboda haka kowane reshe, daga Maraɗi zuwa Damagaram, Tawa da Yamai, ya naɗa mutum uku, ɗaya magini, ɗaya mace, ɗaya mai iya rubutu. Su je su duba tsohon gidan garinsu, su rubuta ɗaki nawa ne, ina ke yoyo, mabuɗi yana hannun wa. 'Yan majalisar garinmu kuma su nemi a karanta takardar a zaman majalisa, a gaban jama'a, kafin ruwan fari ya sauka. Wanda ke da tambaya ya tashi.