Kalmomi 12 Ɗin Nan Su Ne Kuɗin

Jawabin da 'yar'uwarmu mai sana'ar atamfa da leshi ta gabatar a zaman rana na bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya. Mun buga shi yadda ta faɗe shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba.

  

Da aka ce ni zan yi magana a kan kuɗin kirifto sai da na yi dariya, don ni ba kwamfuta na karanta ba, atamfa nake sayarwa. Ma'aji ta ce ai shi ya sa aka zaɓe ni, wai wadda ta taɓa ƙonewa ta fi sanin zafin wuta. Kuma na duba na ga ba ni kaɗai ba ce a cikinmu. Akwai mai turaren wuta da ake turo wa kuɗin kaya daga Ghana, akwai mai biyan dilanta na China da USDT, akwai kuma waɗanda 'ya'yansu suka buɗe musu walat a 2024, lokacin da gari ya ɗauka da danne-dannen waya na Notcoin da Hamster Kombat. Ban zo in ce wa kowa ta shiga ba. Wadda ba ta ciki ta yi zamanta, babu abin da ta rasa. Da wadda ta riga ta shiga nake, don kada a raba ta da jarinta.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni. Wata kwastoma ta turo mini USDT na dala 400, kuɗin leshi. Ta aiko da shaida, na buɗe walat, wayam. Na rufe na sake buɗewa, wayam. Dare ne, gabana sai faɗuwa yake. Sai na shiga wani guruf na Telegram na rubuta cewa kuɗina sun maƙale, a taimaka. Ko minti biyar ba a yi ba mutum uku suka biyo ni ta gefe, kowanne da tambarin kamfani a hotonsa, ga ladabi, ga "Hajiya kwantar da hankalinki". Ɗaya ya ce walat ɗina ce take buƙatar a daidaita ta, ya turo mini wani shafi mai gurabe 12, in cike da kalmomin sirrina. Wallahi na rubuta bakwai, sai data ta ƙare. Na yi ta masifa a daren nan, ban san Allah ne Ya kuɓutar da ni ba. Da safe ɗan yayata ya duba, cikin minti biyu ga kuɗina. Tun jiya suna nan, ni ce ban san inda zan kalla ba.

To me ya faru? Sai mun fahimci abu ɗaya tukun. Kuɗin ba a cikin wayarki suke ba. Suna rubuce ne a wani babban littafin lissafi da ake kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a duniya suke riƙe da kwafinsa. Manhajar da ke wayarki, ko Trust Wallet ce ko MetaMask, taga ce kawai da kike leƙa littafin, da kuma wurin ajiye makulli. Makullin kuwa shi ne kalmomi 12 ɗin nan, wani lokaci 24, da aka nuna miki ranar da aka buɗe walat. Daga wani jerin kalmomin Turanci 2,048 ake zaɓo su, kuma yadda aka jera su yana da muhimmanci, ta uku ba za ta koma ta huɗu ba. In wayarki ta faɗa rijiya yau, gobe ki sayi sabuwa, ki sauke manhajar, ki zuba kalmomin, kuɗinki su bayyana cif. Haka nan in wani a ƙarshen duniya ya samu kalmomin, shi ma abin da zai yi ke nan, ba ya buƙatar wayarki, ba ya buƙatar lambar sirrinki. Kun ga ke nan kalmomin su ne kuɗin.

In suka ɓata kuma babu ofishin da za ki je ki yi kuka. Akwai wani Bature, James Howells, a garin Newport na yankin Wales. A 2013 aka zubar da wata ma'ajiyar kwamfutarsa a shara, makullin bitcoin kusan 8,000 na ciki. Ya shafe fiye da shekara goma yana roƙon a bar shi ya tone jujin garin, a watan Janairun 2025 kotu ta yi watsi da ƙararsa. Kuɗin na nan a littafi, ba mai iya taɓa su.

Yanzu ga tambayar da nake so kowa ta amsa a zuciyarta, ba sai ta ɗaga hannu ba: wa ya buɗe miki walat? Da yawanmu ba da hannunmu muka buɗe ba. Ɗanki ne, ko yaron shago, ko mai sa waƙoƙi da cajin waya na bakin layi. Duk wanda ya buɗe, ya ga kalmomin. Wataƙila ma ya ɗauki hotonsu "don kada su ɓata", hoton yana nan a wayarsa, wayar kuma tana yawo hannun abokai, ko an kai ta gyara, ko an sayar. Ban ce ki zargi ɗanki ba, Allah Ya shirya mana su. Amma yaro mai amana ma yana iya zama mai sakaci. Wata a unguwarmu sai bayan wata takwas da buɗe mata walat aka kwashe ta, ranar da kuɗi masu kauri suka fara shiga. Wanda ya yi ya daɗe yana kallo, jira kawai yake ta yi nauyi.

Kuma ku riƙe wannan da kyau, don nan ake yawan kuskure. In kalmomin suka fita, canza lambar sirri ba ya maganin komai. Lambar nan tana kulle manhajar ce a wayarki kaɗai. Maganin ɗaya ne: ki buɗe sabuwar walat mai sababbin kalmomi, ki kwashe komai ki mayar can a ranar. Ni ma haka na yi a kan kalmomi bakwai ɗin nan. In Turancin ne ke ba ki wahala, a zauna kusa da ke a nuna miki inda za ki danna, amma in aka zo wurin kalmomi mai taimakon ya juya baya, ki kwafe harafi bayan harafi da hannunki. Wadda ta iya rubuta bashin kwastomomi za ta iya wannan.

A takarda za ki rubuta, da biro, da lamba a gefen kowace kalma. Ba a hoto ba, ba a WhatsApp ba, ba a imel ba. Ki yi kwafi biyu, ki naɗe a leda ki sa a gwangwani, saboda damina da gara. Kada duka biyun su kwana a rufi ɗaya, kuma kada ki bar shi a shago, mun san abin da gobarar kasuwa take yi. Sannan akwai maganar da ba ma son yi: mutuwa. Kuɗin banki magada za su bi da takardu su karɓa. Wannan kuwa in kin tafi da sirrin kin tafi da haƙƙin marayu. Ki samu mutum ɗaya da kika yarda da shi, ya san cewa akwai takardar da kuma inda za a same ta, ko da bai taɓa ganin abin da ke ciki ba.

Mu koma kan abin da ya ɓoye mini dala 400. USDT ba hanya ɗaya yake bi ba. Akwai ta Tron, adireshinta da harafin T yake farawa. Akwai ta Ethereum da ta BNB, su biyun da 0x suke farawa, kuma a walat ɗaya adireshin iri ɗaya ne. Ni ina jira ta Ethereum, ita ta turo ta BNB. Kamar ki tsaya a tashar Kano Line kina jiran saƙo, an sauke shi a wata tasha da sunanki. Abin da aka yi kawai shi ne kunna USDT na BNB a manhajar, ya fito. Saboda haka kafin a turo miki, ku yi magana a kan hanya, ba adireshi kawai ba. In kuma asusun kamfanin canji za a tura, a nan abin ya fi haɗari, don in aka bi hanyar da ba sa karɓa, sai abin da suka ga dama.

In an ce an turo ba ki gani ba, kada ki yarda da hoton shaida, ana ƙirƙirar sa. Ki karɓi lambar cinikin, ko ki ɗauki adireshinki, ki sa a Tronscan in Tron ce, Etherscan in Ethereum ce, BscScan in BNB ce. Nan za ki ga gaskiya, ko sun shiga, ko suna hanya, ko ba a turo ba sam. Adireshi ba sirri ba ne, kamar lambar asusun banki yake. Wata matsalar da ke firgita mutane ita ce ga kuɗi a walat amma sun ƙi fita. Yawanci kuɗin mota ne babu. Kowace hanya da nata kuɗin take karɓar caji: Tron da TRX, Ethereum da ETH, ɗayar da BNB. Ki ajiye ɗan kaɗan a gefe. In manhajar ce ke gardama, ki duba intanet, ki sabunta ta daga Play Store ko App Store. Amma kada ki kuskura ki goge ta sai takardar kalmominki na hannunki kin tabbatar daidai take.

Wajen turawa kuma, abin da ya fita ya fita, babu manajan da zai dawo da shi. Ki fara tura kaɗan, a ce an gani, sannan ki tura sauran. Ki karanta adireshin farko da tsakiya da ƙarshe. Ɓarayi suna turo ɗan ƙwarya-ƙwaryan kuɗi daga adireshi mai kama da na dilanki, don gobe ki kwafo nasu daga jerin cinikin baya. Masu sayar da USDT a karɓi naira, ku buɗe manhajar banki ku ga kuɗin da idonku kafin ku saki, alat na ƙarya ya yi yawa. In kuma kin ga wani ya watsa kalmominsa a intanet wai bai iya cirewa ba a taimaka masa, ga dubban daloli a ciki, to banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin cajin da za ki zuba yake hari.

Masu ajiya a kamfanin canji, naku daban ne, makullin na hannunsu. Amfaninsa in kin manta lambar sirri za su iya taimaka miki. Illarsa kuwa in sun rufe kin shiga uku: FTX ya durƙushe a Nuwamban 2022 da kuɗin jama'a, Binance ya daina hulɗa da naira a Maris na 2024. Ku sa mataki na biyu na tsaro da manhaja irin Google Authenticator, ba saƙon tes ba, don ana yi wa layin mutum welkam-bak ba da saninsa ba. In layinki ya ɗauke haka kawai ya ƙi dawowa, ki nufi ofishin kamfanin layin a ranar.

Wasu sun tambaye ni ko a zuba kuɗin ƙungiya a ciki tunda naira ta yi ta faɗuwa. Ra'ayina a'a, kuma na faɗa a gaban kwamiti. Gaskiya ne Babban Banki ya ɗage takunkumin da ya sa wa bankuna a Fabrairun 2021, ya ɗage shi a Disamban 2023, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta sa harkar ƙarƙashin hukumar SEC. Amma inshorar NDIC da ke kan ajiyar banki ba ta shafi walat ba. Asusunmu na banki sai mutum biyu sun sa hannu, walat ta gama-gari kuwa mutum ɗaya ce da takarda ɗaya. Akwai irin da sai biyu cikin uku sun amince kuɗi ke fita, amma ba mu kai can ba tukun. Duk wanda kuma ya zo da maganar zai ninka mana kuɗi cikin wata guda, ku tuna MMM a 2016 da CBEX a Afrilun 2025. Wadda aka riga aka cuta ta kai rahoto EFCC ko wurin 'yan sanda, kada ta biya wani wai zai ƙwato mata, sau da yawa su ne suke dawowa zagaye na biyu.

Bayan an ci abinci ina nan a gefen rumfa har la'asar. Mai son a duba mata hanya ko a nuna mata yadda ake buɗe sabuwar walat ta zo da wayarta da caji, da biro da farar takarda. Tsohuwar takardar kalmomi a bar ta a gida, ko ni na ce ki nuna mini kada ki nuna.