Wa Za Ka Ƙirga Ɗan Gida a Ƙasar Sin?



A shekarar 1936, wani matashi ɗan ƙasar Sin mai suna Fei Xiaotong ya sauka a ƙauyen Kaixiangong da ke lardin Jiangsu, yana jinyar wani rauni da ya ji. Kimanin wata biyu ya yi a can, cikin manoman shinkafa da masu kiwon tsutsar siliki. Ya zuba ido yana lura: su wa ke cin tukunya ɗaya, wa ke gadon gona, yaya amarya ke zama da surukarta. Daga nan ya wuce Landan wurin malaminsa Malinowski, littafin da Fei ya rubuta kan ƙauyen ya fito a 1939.

Yau ɗalibin nazarin zaman iyali a ƙasar Sin yana da alƙaluma jingim, domin tun 2010 Jami'ar Peking ke bibiyar dubban gidaje. Sai dai akwai tarko. Rajistar gida, wadda suke kira hukou, kan nuna uba a ƙauye alhali yana can masana'anta a Shenzhen, 'ya'yansa kuwa suna hannun kaka. To, wa za ka ƙirga ɗan gida?

Ni dai, kafin ɗalibi ya taɓa kwamfuta, gidan kakar nan zan tura shi ya yi ko da mako guda.